"Ba ni da aiki," in ji mai kabu-kabu

Da lokacin rubuta kundin kammala mastana ya zo, sai na ɗauki batun waɗanda suka gama lisans, wato digirin farko na jami'a, a nan Damagaram: ina suke shigewa bayan sun karɓi takardar? Na samu jerin sunaye 400, ƙarfin aljihuna kuwa bai wuce mutum 80 ba. Malamin da ke duba aikina ya hana ni zaɓen kowa da hannuna. Na rubuta 1 zuwa 5 a guntayen takarda na zuba cikin hula, ƙanena ya zaro 3. Daga nan sai ƙarin biyar-biyar: 3, 8, 13, 18, har 398. Duk wanda lamba ta faɗa kansa shi ne nawa, na san shi ko ban san shi ba.

Mai lamba 13 kwana uku wayarsa a kashe. Mai 14 kuwa maƙwabcina ne a Zango, kullum muna sallar magariba tare. Na ce wa Malam zan musanya su, ai bambancin ɗaya ne tak.

"Kai yaro," in ji shi, "wanda ke kusa da hannunka shi ne wanda ya zauna gari. Wanda ya tafi Agadas ko Kano neman abinci fa? Tafiyar tasa ita ce amsar da kake nema."

Ta rukunin WhatsApp na 'yan ajinsu na gano mai lamba 13 ɗin, bayan mako biyu.

Amma babban tuntuɓen a tambayata ta farko yake: "Kana da aiki?" Wata la'asar a wata fada, wato majalisar hirar samari, cikin Birni, ana zagaye na biyu na shayi, na yi wa wani wannan tambayar. Babur ɗinsa na jingine da bango, makullin na rataye a yatsarsa, fuskarsa duk ƙurar hanya. Bai ko yi jim ba ya ce ba shi da aiki, na kuwa rubuta. Washegari wata da ke koyarwa a lakkal mai zaman kanta ta ce mini ita zaman jira take. A wurinsu aiki shi ne lambar ma'aikacin gwamnati da albashin ƙarshen wata, ko a ɗauke ka a matatar mai ta SORAZ. Sauran duk "buga-buga" ne.

Ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya daban yake: wanda ya yi ko da awa ɗaya yana abin da ke kawo kuɗi cikin kwana bakwai da suka wuce, mai aiki ne. Sai na juya tambayar zuwa haka, nan take bakuna suka buɗe: sayar da katin waya, koyar da yara a gida da dare, ɗinki, awo a kasuwar Dole. Ni dai ma'aunin bai kwanta mini duka ba, don ya zuba mai kabu-kabu da ma'aikacin banki a kwando ɗaya. Shi ya sa na ƙara tambaya ko akwai kwantaragi a rubuce, ko aikin ya haɗa hanya da abin da aka karanta, ko kuma ana neman wani.

Maganar kuɗi ce ta ba ni kunya. Da Faransanci na tsara takardar, da Hausa nake hirar. Mutum ya ce yana samun "ɗari shida" a rana, hannuna ya rubuta 600 a gurbin faran. Alhali da dala muke lissafi, dala kuma faran 5 ce: jika uku yake nufi, 3000. Ni da aka haifa a garin nan! Sai da Malam ya ɗaga gira yana tambayar ko man babur ma zai fito daga kuɗin na farga. Mutum 20 na farko duk na sake bin su. Mai babur ɗin na Birni ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya ce tunda na dawo in hau ya kai ni gida, amma sai na biya.