Hamzar da ta ɓatar mini da su Mu'azu

Har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake yi. Wata ƙaramar manhaja ce na rubuta da Python, wani yaren rubuta manhaja, wa wata makaranta, tana duba sunayen ɗalibai a rumbun bayanai ta fitar da waɗanda suka biya kuɗi. Gyara ya taso ina nesa da kwamfutata, sai na buɗe fayil ɗin a editan rubutu da ya zo da kwamfutar da na ara. Ashe editan yana lanƙwasa alamomin zance da kansa yayin da kake bugawa.

Alamomin da ke buɗe zance da rufe shi a cikin manhajar ba su wahalar da ni ba. Python ya yi ihu nan take, ya nuna U+201C, wato lambar lanƙwasasshiyar alamar buɗe zance, na mayar da su miƙaƙƙu, komai ya tashi.

Na cikin zancen ne suka cuce ni. Duk sunan da na sake bugawa mai hamza, Mu'azu, Sa'adatu, Rabi'u, Isma'il, editan ya cire miƙaƙƙiyar hamza (U+0027) ya dasa lanƙwasasshiya (U+2019). A wurin Python wannan halal ne, tunda a tsakiyar zance kowane harafi na iya zama, don haka ko tari bai yi ba. A allo kuwa ido ba ya rabe su. Sai manhajar ta ce yaran nan ba sa cikin waɗanda suka biya, alhali rasit na hannun iyayensu. Na zargi rumbun, na zargi mai shigar da sunaye, bawan Allah bai ji ba bai gani ba.

Abin da ya tona asirin shi ne ord(), umarnin Python da ke nuna lambar kowane harafi. Hamzar rumbun ta ba da 39, tawa ta ba da 8217. A UTF-8 ma, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta, waccan bayit ɗaya ce, wannan uku.

Kada ka dogara da unicodedata.normalize, umarnin Python na daidaita haruffa masu kama da juna, ko tsarinsa na NFKC ba ya haɗa su. Da hannu na rubuta umarnin replace da ke mayar da U+2019 da 'yar'uwarta U+2018 zuwa 39 kafin kowane kwatance, na ƙara da wata hamzar, U+02BC, domin ita ma tana shigowa cikin rubutun Hausa. Saitin lanƙwasawar kuma, Smart Quotes ko Smart Punctuation, ka kashe shi a editan da kuma saitin allon rubutu na na'urar, don wuri biyu yake zama.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da sunayen ba su da hamza, da ba wanda aka tsayar a bakin ƙofar aji ana tambayarsa kuɗin da ya riga ya biya.