Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Gwaggo ta shiga da ni Unguwar Rogo

Masu bibiyar wannan labari, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya ne a inda na koma hannun Gwaggo a Tudun Wada bayan rasuwar Baba, na fara bin ta kasuwa. Yau zan ba ku labarin wata safiya a watan Janairun 2013.

Wanda bai zauna a Jos ba sai na ɗan yi masa shimfiɗa. Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 28 ga Nuwamba 2008 wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da kuma na Janairun 2010, gari ya rabu gida biyu. Ba a gina katanga ba, amma ko yaron firamare ya san iyaka. Kirista ba ya kutsa kai Unguwar Rogo ko Gangare haka kawai, Musulmi kuma ba ya shiga Tudun Wada ko Unguwar Rukuba sai da babban dalili. Gwaggo kanta a 2008 aka ƙona mata ɗakuna biyu a Nasarawa, ta tsira da zanen jikinta. Amma ita 'yar tsohuwar Jos ce. Ubanta leburan kuza ne a Bukuru, ta tashi a barikin da ake aika wa maƙwabta naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, kuma har ta mutu ba ta yarda cewa wancan zamanin ya wuce ba.

Sana'arta sarin kayan gwari. Tun da asuba mukan tafi Farin Gada, inda manoman rani ke sauke tumatir da kabeji da karas da koren wake, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Ran nan hunturu ya kankama, yatsuna har sun ƙi lanƙwasuwa. Gwaggo ta yafa zanenta na Zumuntar Mata a kan rigar sanyi, don da yamma akwai taro a coci. Jarinmu duka, naira dubu 18, yana ƙulle a lalitarta.

Muna cikin taya kwando sai ta daina amsa wa dillali. A bayan tarin kwanduna wani yaro ɗan dako, bai fi shekara 12 ba, yana kwance a kan buhu kusa da baronsa yana karkarwa. Mutane suna tsallake ƙafarsa suna wucewa. Ta durƙusa ta taɓa goshinsa, ta ɗage ƙafar wandonsa. Ƙarfen baro ne ya yanke shi a ƙwauri kwanaki da suka wuce, an ɗaure da tsumma, wurin ya kumbura yana ruwa.

"Kai yaro, ina uwarka?"

"Unguwar Rogo, Mama."

Ba ta yi wata-wata ba, ta cire zanen Zumunta ta lulluɓe shi. Zanen nan da gicciye a jikinsa, da sunan ikilisiyarmu ɓaro-ɓaro. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Gwaggo, zanen Zumunta ne fa, ga mutane suna kallo." Ta ce, "To sanyin ya iya karatu ne? Kama min ƙafarsa."

A wani ƙaramin asibiti aka wanke ciwon, aka yi masa allura, aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin azahar jarin tumatir ya koma magani, abin da ya saura bai kai na rabin kwando ba. Ni dai a lissafina an gama, a ba shi kuɗin mota ya tafi. Sai na ji tana ce wa mai Keke Napep, "Unguwar Rogo za ka kai mu." Lokacin gwamnatin Jonah Jang ta riga ta hana acaɓa a cikin gari, Keke ce abin hawa. Mai Keken ɗan cocinmu ne. Ya kai mu titin Bauchi kusa da jami'a ya taka birki, ya ce, "Mama, nan ne iyakata, ina da 'ya'ya." Ba ta yi masa gardama ba. Muka sa yaron a tsakiya, hannunsa ɗaya a wuyanta, ɗaya a nawa. Wani sojan da ke shinge ya tambaye ta da guntuwar Hausarsa ko ta san inda za ta. Ta ce ta sani tun kafin a haife shi.

Da muka karya kwana cikin unguwar, cikina ya ɗuri ruwa. Samari suna zaune a teburin mai shayi, suka yi tsit, biyu suka miƙe. Ga mu da ɗankwali irin namu, ga gicciye a bayan yaro. Ina jiran Gwaggo ta sunkuyar da kai mu wuce sumul, sai na ji ta ɗaga murya: "Salama alaikum, 'ya'yana. Ɗanku na kawo muku, ba shi da lafiya. Wa zai nuna min gidansu?"

Ban san tsawon shirun nan ba. Mai shayin ne ya leƙo ya gane yaron, ya kira sunansa. Ɗaya daga cikin samarin da suka miƙe ya zo ya karɓe shi daga hannunmu ya saɓa a kafaɗa, wani dattijo ya shige gaba, muka bi su cikin lungu.

Uwar yaron tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta saki rariya ta rungume ɗanta, sannan idonta ya sauka kan zanen, ya dawo kanmu. Ta shimfiɗa tabarma. Ta kawo kunun gyaɗa a kofin roba, kuma na san abin da ake faɗa mana a unguwarmu game da cin abinci a irin wannan wuri. Gwaggo ta shanye tas ta miƙa kofin a ƙara mata. Ta zazzage magungunan a kan tabarma: wannan fari safe da yamma, wannan ja sau uku bayan ya ci abinci, jibi a mayar da shi wankin ciwo, kada ya taɓa baro sai ya warke. A cikin hira matar ta ce mijinta ya fita a rikicin 2010, har yau ba a ga ko gawarsa ba. Gwaggo ta ce mata ita ma wuta ta cinye mata komai a 2008. Babu wadda ta ce su wa suka yi.

Da za mu tashi Gwaggo ta ce, "'Yar'uwa, zan yi masa addu'a irin tamu, in kin yarda." Matar ta ɗan yi jim, ta ce, "Yi, baiwar Allah." Ta ɗora hannu a kan yaron ta roƙa masa lafiya cikin sunan Yesu, gajeriya, ba ɗaga murya. Zanen kuwa ta bar masa, don har lokacin yana jin sanyi.

Da yamma ta shiga taron Zumunta da atamfar gida, ita kaɗai a cikin mata masu anko. Labari ya riga mu isa. Wasu suka ce ganganci ne, wasu suka ce ta jefa marainiya cikin haɗari, wato ni. Wata uwa da aka kashe mata ɗa a 2008 ta miƙe tana kuka, ta ce da za a kawo mata ɗansu, ita ba za ta iya ba. Har yau ban ga laifin matar nan ba, kuma Gwaggo ma ba ta gani ba, don ita ce ta je ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu. Shugabar Zumunta ta tambaye ta ko ta tsaya ta yi tunani kafin ta shiga. Ta ce, "Mama, firist da Balawen nan na Linjilar Luka sura 10, da suka ratse suka bar mai rauni a hanya, ai tunani suka tsaya yi. Da na tsaya, da ni ma na ratse."

Mako guda muna cin bashi a wurin dillali. Ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke sai ɗan maƙwabta ya faɗo gidan da gudu, yana haki. Ya ce ga wasu mutum uku da manyan riguna da huluna a bakin titi suna tambayar gidan Gwaggo, samarin unguwa sun kewaye su. Gwaggo ta ajiye tsintsiya ta fita ko takalmi babu.

Abin da ya kawo su, da yadda aka kwashe a bakin titin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.