A ina ka kwana jiya?

Tambayar farko ta fom ɗin ƙirga masu kwana a waje da aka turo mana ita ta fara ba ni kunya. Da Turanci ta zo, ni kuma na juya ta yadda na gan ta: "Kana da gida?" Daren da muka fita gwaji, wajen ƙarfe sha ɗaya, muka iske wani dattijo a barandar shago kusa da tashar Kawo, ya shimfiɗa kwali, ya lulluɓe da buhu saboda hunturu. Na yi sallama, na durƙusa, na faɗi abin da ke tafe da mu, sannan na karanto tambayar daga waya. Ya dube ni ya ce, "Haba ɗana, wa ya rasa gida? Ina da gida can ƙasar Birnin Gwari, har da rumbuna biyu."

Bai yi ƙarya ba. Sai dai rabonsa da gidan tun ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Ni kuwa ina danna "e", manhajar ta tsallake sauran tambayoyin ta rufe fom, ta ajiye shi cikin masu gida. Ga mutum kwance a gabana a kan siminti, ga waya tana cewa babu ruwanta da shi.

Sana'ata tattara bayanai ce. Na yi aikin rabon gidan sauro, na yi na rigakafi, duka da KoboCollect, manhajar cike fom a wayar Android. Shi ya sa da ƙaramar ƙungiyarmu mai rabon barguna ta so sanin mutum nawa ne ke kwana a waje a wasu sassan Kaduna, ni aka damƙa wa fom. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe tun 2006 aka yi ta, wadda aka shirya yi da na'ura a 2023 kuma an ɗage, don haka babu sabon lissafin da za mu jingina da shi. Fom ɗin da wani ɗan'uwa ya samo mana an gina shi ne a kan salon Amurka, inda ake ware dare guda cikin kwana goman ƙarshe na Janairu a fita ƙirga. Dabarar dare guda tana da kyau, mun riƙe ta. Amma zaɓin amsoshin na wata duniya ne: tanti, cikin mota, gidan kwana na marasa galihu, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Washegarin daren gwajin na buɗe takardar Excel ɗin da ake gina fom da ita, mai shafi uku: na tambayoyi, na zaɓi, na saiti. Na goge kalmar "gida" ko'ina. A bakin Bahaushe gida asali ne, dangi ne, inda za a kai gawarka ne. Ka ce wa mutum ba shi da gida, zagi ka yi masa. Abin da muke nema makwanci ne. Tambayar ta koma: "Baba, a ina ka kwana jiya?" sannan "Yau fa, nan za ka kwana?" Babu wanda ya taɓa ɓata rai a kan waɗannan.

Shafin zaɓi ne ya fi cin lokaci, kuma ba a gaban kwamfuta aka rubuta shi ba. A teburin mai shayi aka rubuta shi, da bakin masu gadin kasuwa da 'yan dako. Su suka san rumfar kasuwa bayan an tashi, barandar shago, harabar masallaci, kango, ginin da ba a ƙarasa ba, benci a tasha, cikin motar da ke jiran lodin safe, ƙarƙashin gada, zauren wani bawan Allah. Wani mai shayi a gefen Kasuwar Barci ya ce in ƙara "cikin Keke Napep", domin akwai yaran da ke wanke ta da dare, ladansu shi ne a bar su su kwana a ciki. Ban taɓa tunanin haka ba, kuma kusan kullum nake wucewa ta wurin.

Sai muhawarar da ta kusa raba mu: wa za a ƙirga? Ɗan ci-rani da ya zo bayan girbi yana dako a Bakin Dogo, yana kwana a rumfa da ganin damarsa don ya tara kuɗi, damina na faɗuwa ya koma gona, shi ma marar muhalli ne? Almajiri fa, da ke kwana a zauren malaminsa? Wasu suka ce a sa su duka, wasu suka ce hakan cin fuska ne ga makarantun allo. Ra'ayina, kuma har yanzu ina kansa, shi ne kada fom ya yanke hukuncin da mu kanmu ba mu yanke ba. Na ƙara tambayoyi biyu: "Tun yaushe kake kwana a nan?" da "In ka so komawa garinku gobe, akwai abin da zai hana ka?" Ta biyun ce ke raba ɗan ci-rani da dattijon Kawo. Ɗaya yana da ranar komawa, ɗaya ba shi da ita, kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Yara kuwa, na saita fom ɗin yadda da zarar an zaɓi ƙasa da shekara 18, tambayoyin sukan rufe sai in akwai babban da ke kula da yaron a wurin. In babu, a rubuta an gan shi kawai, kada a tashe shi.

Maganar taswira ita ce ta hana ni barci. Fom ɗin asali yana tilasta ɗaukar ɗigon wuri daga tauraron ɗan'adam, kuma manhajar takan jira kuskuren awon wurin ya sauko zuwa mita 5 kafin ta kama da kanta. A ƙarƙashin rufin kwano ba ya saukowa da wuri. Sai ka ga ma'aikaci tsaye a kan mutum mai barci, waya na haska fuskarsa, yana jira. Wannan kaɗai ya isa a canza. Amma akwai abin da ya fi shi nauyi. A Kaduna akwai dokar hana bara a titi, kuma mutanen nan sun ga yadda aka kwashi almajirai zuwa jihohinsu a 2020 lokacin korona. In taswirar da ta nuna baranda kaza, daren kaza, ta faɗa hannun da bai dace ba, mu muka nuna hanya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, amma tun kafin doka akwai amana: mutum ya yarda ya yi maka magana da tsakar dare.

Don haka na cire tilascin. Ma'aikaci yakan zaɓi yanki daga jeri, in ma zai ɗauki ɗigo sai ya fita mahaɗa mafi kusa. A manhajar zana taswira ta QGIS na shimfiɗa raga mai murabba'ai, kowanne mita 500, abin da ke fita waje shi ne launin murabba'i, mai duhu inda mutane suka yi yawa. Hakan ya ishi mai rabon bargo. Ba suna, ba hoto, ba lambar waya.

Rashin suna ya kawo matsalar ƙirga mutum sau biyu. Fom ɗin asali yana haɗa haruffan farkon suna da ranar haihuwa. A nan dattawa da yawa da shekarar wani sarki ko wata yunwa suke auna haihuwarsu, Muhammadu da Abdullahi kuma sun cika kowane layi. Muka koma ga rukunin shekaru, ƙaramar hukumar asali da sana'a, tare da tambaya kai tsaye: "Wani ya yi maka waɗannan tambayoyi yau da dare?" Muka kuma raba ayari da iyakokin da kowa ya sani, layin dogo, kogin Kaduna, babban titi, na buga taswirar intanet ta OpenStreetMap a takarda na rubuta sunayen da muke kiran wuraren da biro.

Ƙananan gyare-gyare sun fi ƙirguwa. Baƙin allo maimakon fari don kada haske ya tashi mutane. Adana fayil yadda ƙ da ɗ da ɓ ba za su koma alamar tambaya ba. Sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana.

Inda fom ɗin bai kai ba tukuna shi ne mata. Da dare da wuya ka gan su, kuma dalilin a fili yake: macen da ta rasa makwanci ɓoyewa take yi. Tana raɓe a ɗakin wata 'yar garinsu a Rigasa, ko a tsakar gidan da ta yi wa wankau. 'Yan'uwanmu mata biyu sun ce a bar musu wannan, za su bi da hantsi, ta wurin masu tuwo da ungozomomi. Jiya da daddare na fara gina musu nasu fom. Tambayar farkon da suka ba ni ita ce, "Inna, ɗakin da kike kwana, na wane ne?"