Sati na biyar: yau malama ta ji sittin ɗina

Yau da safe, wajen bakwai saura kwata, malamar da ke koya mana Hindi ta intanet ta rubuta 67 a allo ta kira sunana. Na ja numfashi na ce saṛsaṭh. Ta ɗan yi shiru, ta ce phir se, in sake. Na sake. Ta ɗaga babban yatsa ta ce bilkul ṭhik, wato daidai sarai, ta wuce kan na gaba. Ni kuwa sai da na kashe makirfo na yi hamdala da ƙarfi, har maiɗakina ta leƙo daga kicin tana tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Sati uku cur ke nan ina kokawa da sautin ṭh da ke ƙarshen kalmar, kuma na san cikinku masu koyon Hindi akwai waɗanda ya hana barci kamar yadda ya hana ni, shi ya sa na zauna rubuta wannan tun kafin in fita kasuwa.

Ajin namu na sati takwas ne, awa uku kullum, Litinin zuwa Juma'a. Malama tana Indiya, tsakaninmu awa huɗu da rabi, saboda haka goma da rabinta ita ce shida ta safe a nan Kano. Daga masallaci sai gaban kwamfuta. Da farko na so in shiga na jami'ar Wisconsin a Amurka, wanda shi ma sati takwas ne ake cinye karatun shekara guda, amma kuɗinsa da dala ne, lokacinsa kuma yana faɗowa da rana ina tsakiyar ciniki. Wannan ɗin ya fi daidai da aljihuna da lokacina. Mu takwas ne: Jamusawa biyu, wata 'yar Koriya, sauran daga ƙasashen Turai daban-daban, ni kaɗai ne daga Afirka.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya muna shiga irin wannan aji da ƙarfin gwiwa, kuma satin farko yana ƙara mana shi. Dil, pyar, zindagi, chalo, duk suna kunnenmu tun muna yara. Ga kuma kalmomin da Larabci ya raba mana da mu da su: duniya tana nan yadda take, kitab, kursi, sabun, khabar, waqt. Rubutun ma bai ba ni wahalar da na zata ba, cikin kwana goma na daina leƙen jadawali, in ban da haɗaɗɗun baƙaƙe da har yanzu nake tsayawa in warware su. Na ɗauka tafiya ta miƙa.

Sati na biyu aka yi mana shifta ta lambobi, sannan kowa ya karanta nasa da baki. A nan asirina ya tonu. Kun san su: सात (sat) bakwai, साथ (sath) tare, साठ (saṭh) sittin. A kunnena duk sat ne. A bakina ma duk sat ne, sai dai malama ba abu ɗaya take ji ba. In na nufi bakwai sai ta ji tare. In na nufi sittin sai ta ji bakwai, ko ta ji wani abu da babu shi a Hindi gaba ɗaya. Cikin ashirin na ci tara. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ba don nishaɗi kawai nake wannan karatu ba. Ƙarshen shekara zan raka Baba asibiti a Delhi, kuma mutumin da ba ya iya raba bakwai da sittin bai kamata a bar shi da lissafin magani ko na kuɗin mota ba.

Kuskurena na farko shi ne ɗ. Ina ganin ड (ḍ) na ce ai wannan tamu ce. A darasin Hausa na sakandare an koya mana ɗ naɗe-harshe ce, ga shi littafin Hindi yana cewa a naɗe harshe. Sai na riƙa cewa ɗal a wurin डाल, reshe, ina jin daɗina. Malama ta saurara sau uku, ta ce akwai wani abu da nake yi a maƙogwaro, kamar ina haɗiye harafin. Gaskiyarta. Na manta rabin darasin: ɗ haɗiyau ce, maƙogwaro yana tsukewa ya yi ƙasa, iska ba ta fita da ƙarfi. Tasu kuwa maƙogwaro a sake yake, iska waje take yi kamar ta d ɗinmu ta yau da kullum, wurin da harshe ya taɓa ne kawai ya bambanta. Kwana biyar na ɓata ina gyara abin da tun tushe ba shi ba ne. Don Allah duk wanda ya fara da ɗ ya ajiye ta tun yau, tana da wuyar fita in ta zauna. Haka ɓ ba ta da alaƙa da भ (bh), hasali ma kishiyoyi ne: ɗaya tana riƙe iska, ɗaya tana zubar da ita.

Sai batun iska. Dabarar da kowa ya sani na yi, na riƙe fallen tishu a gaban baki, a त (t) kada ya motsa, a थ (th) ya motsa. Nawa motsi yake yi a duka biyun. Na daɗe ban gane dalili ba, sai wata rana ina tilawa bayan magariba na ji ta'un da nake fitarwa. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi an hore shi ya ba ta'u da kaf hamsinsu, wato ɗan numfashin nan da ke biyo bayan harafin, musamman in an tsaya a kansa. Shekara da shekaru ina yi har ya zama jiki, kuma duk lokacin da na natsu don in furta baƙon harafi da kyau, bakina can yake komawa. Ga shi सात da t take ƙarewa. Ina tsayawa a kanta sai in sake mata iska, ta zama साथ. Maganin da ya yi mini aiki shi ne in manna kan harshe a bayan haƙoran sama sosai, har ina jin kaifinsu, in furta, in bar shi a wurin ban sake ba sai sautin ya mutu. Wannan ya gyara bakwai. 'Yar Koriyar nan ko sau ɗaya ba a gyara mata iska ba, domin harshensu ma yana raba mai iska da marar iska. Jamusawan kuwa irin matsalata gare su, ta wata hanyar.

A tsakiyar wannan ne na gano ba duka laifin bakina ba ne. Damina ce, rufinmu na kwano, in ruwa ya sauko da asuba ko muryata ba na ji. Manhajar da muke darasi da ita tana da wani tsari na tace hayaniya, kuma in ya ji ƙarar ruwa sai ya ƙara matsawa, ya haɗa da ɗan hucin da ke raba ठ (ṭh) da ट (ṭ) ya share. Na yi rikodin a waya na kuma saurari na darasin, bambancin a fili yake. Na shiga saiti na kashe tacewar, na sayi abin kunne mai makirfo a jiki naira 18,000, na koma ɗakin da ke da silin. Kuɗin ya yi zafi, don bai cikin lissafi. Data ma haka: in kyamara tana kunne kusan giga ɗaya nake ƙonawa a awa, awa goma sha biyar a sati, ku lissafa. Yanzu ina kashe kyamarar sai lokacin da za a duba bakina. Ranar da aka ɗauke wuta tun dare kwamfuta ta mutu ana tsakiyar darasi kuwa, da waya na ƙarasa, ina ƙanƙance ido ina neman ɗigon da ke ƙarƙashin ड़.

To amma sittin ta ƙi. Iska ta daidaita, wuri bai daidaita ba. Malama ta nuna zane, ta kawo bakinta kusa da kyamara, ta ce in kai kan harshe baya can saman hanƙa. In na kai shi sai ya yi tauri, sautin ya fito kamar na mai ciwon baki. In na sassauta sai ya zame ya dawo t ɗinmu, wadda take zaune a tsakiya, ba ta kai haƙori ba, ba ta kai baya ba. Wannan tsakiyar ita ce masifar, domin kunnen Ba'indiye dole ya jefa ta ɗaya daga cikin gida biyu, kuma ba kai ke zaɓa masa ba. Na biya kuɗin awa guda ta musamman da malama, ni da ita kaɗai, muka ƙare ba a samu ba. Ranar na rufe kwamfuta raina a ɓace, na yi tunanin ko in haƙura da furuci in tsaya kan karatu da rubutu.

Abin da ya buɗe ƙofar ya zo ne ta inda ban zata ba. Ranar Litinin muna bitar siffofi, aka zo kan बड़ा, babba. Wannan harafi mai ɗigo, ṛ ɗin da ke tsakiyar baṛa, shi ne ya fi wahalar da 'yan ajinmu, wasu suna cewa bada, wasu bala, wasu suna karkaɗa shi. Da aka zo kaina na faɗe shi ba tare da tunani ba. Malama ta tsayar da darasi ta ce in maimaita, in ce laṛka, in ce thoṛa thoṛa. Ta ce tunda take koyar da baƙi ba ta cika jin wanda ya kawo shi da wuri haka ba, ina na samo? Na ce ai namu ne. Bara, baran gida mai hidima, kusan haka muke faɗarsa. Na bayyana mata cewa r biyu gare mu ko da yake harafi ɗaya muke rubutawa: ta barar almajiri, mai karkaɗawa, da ta baran sarki, wadda harshe ke lanƙwasawa baya ya faɗo gaba ya bugi hanƙa sau ɗaya. Ra-gare da ra-kaɗe, kamar yadda aka koya mana. Ta baran sarkin ita ce a rana, a rago, a ruwa.

Sai ta ce, to ka fara faɗin baran nan naka, amma kada ka bar harshen ya faɗo. Inda ya tsaya kafin ya faɗo, danna shi a wurin, ka toshe iska, sannan ka sake.

Na gwada. Ba, harshe ya lanƙwasa, na riƙe, na danna sama, na sake: ḍa. Tsaf. Babu tauri, babu haɗiya, domin wuri ne da harshena yake zuwa sau ɗari a yini tun ina yaye. Na cire murya ya zama ṭa. Na ƙara iska ya zama ṭha. Tsigar jikina ta tashi. Kwana uku na yi ina jera su a hanyar kasuwa, a kan babur, a shago in babu mai saye: bara, baḍa, baṭa, baṭha, sannan aṭh, saṭh, ṭhik, roṭi, ḍakṭar. Yaron shagona tun yana kallona har ya fara tayawa. Shi ya sa 67 ta yau ta yi mini daɗi haka, don ta haɗa duka biyun a kalma ɗaya, r ɗinmu a tsakiya, ṭh a ƙarshe. Wani abin mamaki kuma, tunda baki ya iya sai kunne ya biyo shi. Jiya na saurari labarai na minti biyar, ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma ba, amma ina jin kowace ट tana fitowa daban da त kamar an shafa musu launi.

Gargaɗi ɗaya: ba kowa ne yake raba r biyun nan a bakinsa ba, ya danganta da inda mutum ya tashi da kuma ko Hausa ya fara ji a gida. Ka gwada faɗin rana a hankali gaban madubi. In ka ga ƙasan harshenka ya bayyana kafin ya faɗo, kana da ita.

Bisa tsarin da na rubuta wa kaina, sati na biyar ya kamata in kasance na ƙware a shuɗaɗɗen lokaci da ने. Aji ya isa can, ni ina baya da kusan darasi huɗu, don duk lokacin bitata furuci ya cinye. Jinsi ma yana jirana, kuma shi ma Hausa ce take ja mini ƙafa: mu kalma in ta ƙare da a yawanci mace ce, su kuwa kamra (ɗaki) da laṛka (yaro) da darwaza (ƙofa) duk maza ne, mai ƙarewa da i ita ce yawanci mace, sannan pani (ruwa) ya zo ya karya dokar. Sau uku a darasi ɗaya na mayar da ɗaki mace. Lambobi kuwa na kai saba'in da hadda, kuma na ji daɗin ganin unsaṭh, 59, ginin sittin ba ɗaya ne irin namu, haka unnis ashirin ba ɗaya.

Wanda ya rage mini a furuci shi ne masu murya da iska tare: घ (gh), ध (dh), भ (bh). Ghar, wato gida, har yanzu gahar yake fitowa, ina cusa wasali a tsakiya, in na hana wasalin kuma sai iskar ta tafi ya zama gar. Dudh, wato madara, ya fi muni, tunda a ƙarshe take. Na gwada yin ajiyar zuciya ina furtawa, na gwada farawa daga ha mai nauyi in sa g a gabanta, wani lokaci ya fito sau ɗaya ya ɓace. In akwai wanda ya samo wa wannan dabara daga cikin bakinmu, irin ta bara, don Allah ya taimaka mini da ita kafin Juma'a, ranar za a yi mana jarrabawar baki, kuma jimlar farko da aka ba ni in shirya ita ce mera ghar Kano mein hai, wato gidana a Kano yake.