IL-6 da CRP a ciwon sefsis: me ya sa gwaji ɗaya ba ya isa

Tun daga 2016, ma'anar sefsis a wurin likitoci ita ce garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙar cuta, har ta koma tana lalata ƙoda, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwar mai ita. Cikin furotin ɗin da ke rura wannan wuta, IL-6 na sahun gaba.

Da zarar fararen ƙwayoyin jini sun ci karo da bakteriya, sai su saki furotin ɗin kumburi biyu, TNF da IL-1, su kuma su tayar da IL-6, wanda ke hauhawa cikin 'yan sa'o'i. Yana da hannu a zazzaɓi, da yoyon da bangon jijiyoyi ke yi har ruwa ya tsere daga jini, matsin jini ya yi ƙasa, da kuma daskarewar jini a ƙananan jijiyoyi. Shi ne kuma ke aika wa hanta saƙo ta rage albumin (babban furotin na cikin jini), ta shiga ƙera CRP, furotin da ke nuna akwai kumburi a jiki.

Asibitoci kaɗan ne ke auna IL-6 kai tsaye. CRP ake aunawa, don ya fi sauƙi da araha. Matsalarsa jinkiri: sai bayan sa'a 6 zuwa 8 yake fara tashi, ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu. A mai lafiya yakan zauna ƙasa da miligiram 5 a lita, a cuta mai tsanani yana wuce 100, wani lokaci 300. Ke nan wanda aka kawo da safe yana rawar sanyi, numfashi sama-sama, hankali a gushe, zai iya nuna CRP na mai lafiya alhali wutar ta riga ta kama. Jiran lamba a nan ganganci ne. A ɗebi jini don shuka ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji a gano irinsu, a auna laktet (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan gaɓoɓi ba sa samun isasshen jini), a fara antibayotik cikin sa'a guda idan jini ya faɗi, a ɗaura ruwa kimanin mililita 30 kan kowane kilo na nauyin jiki.

Hawan CRP ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Zazzaɓin cizon sauro na ɗaga shi, haka ƙuna, haka tiyata, inda yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku ba tare da wata cuta ba. Mai lalatacciyar hanta kuwa ba ya iya ƙera shi sosai.

Akwai wani tarkon. Maganin tocilizumab yana toshe wurin da IL-6 ke kamawa. A gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda aka fitar a 2021, ya rage mace-mace a masu korona mai tsanani daga kashi 35 zuwa 31 cikin ɗari. Amma wanda aka yi wa allurarsa, CRP ɗinsa zai ruguzo, zazzaɓi ya ɓuya, ko da bakteriya na cin sa a ciki. Ba kuma magani ne da aka tabbatar wa sefsis na bakteriya ba. Magungunan toshe TNF ma an gwada su a shekarun 1990, ba su ba da abin da aka yi fata ba.

Amfanin CRP na ainihi yana cikin maimaitawa. Idan an kashe tushen kumburin, yakan ragu da rabi cikin kusan sa'a 19. In kwana uku sun wuce ana magani lambar ba ta sauko ba, a sake duba ko akwai mugunya da ba a fasa ba, ko robar fitsari ko ta jijiya da ta gurɓace, ko ƙwayar cutar ba ta jin maganin da ake bayarwa.