Kwana a masaukin gargajiya na Kiyoto

Jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen ne ya ɗauko ni daga Tokiyo zuwa Kiyoto cikin awa biyu da 'yan mintuna. Sana'ata zanen gine-gine, kuma an ba ni aikin tsara wani ƙaramin otal na alfarma, shi ya sa na zo in ga yadda Japanawa ke gina masaukansu na gargajiya, wato ryokan. Sun daɗe a wannan harka: Hoshi Ryokan da ke lardin Ishikawa yana karɓar baƙi tun shekarar 718.

Wanda na sauka yana cikin wani lungu. Daga waje ba ka ganin komai sai bangon katako da ɗan labule a bakin ƙofa. Na tuɓe takalmi a mashiga, wata dattijuwa sanye da kimono, doguwar rigar gargajiyar Japanawa, ta karɓe ni, ta bi da ni ta wani siririn baranda mai lanƙwasa. Da gangan aka lanƙwasa shi, don kada baƙo ya hango lambu tun bai zauna ba.

Ɗakin kusan wayam yake. Da tabarma ake auna shi, tatami, kowace ɗaya tsawonta kusan mita 2, faɗinta rabin haka, kuma nawa mai tabarma 8 ne. Ginshiƙai da ƙofofi duk a kan wannan awo aka yanka su, shi ya sa ido ba ya karo da komai. Akwai gajeren tebur, da matasan zama, sai wani ɗan gurbi a bango, tokonoma, inda aka rataye rubutun hannu guda da reshen fure guda. Gado babu, da dare ake fito da katifa daga kabad a shimfiɗa.

Da na zauna a ƙasa, dattijuwar ta ja ƙofar takarda gefe. Nan na gane inda aka kashe kuɗin. Lambun bai fi ƙaramin tsakar gida ba, amma an tsara shi daidai da idon mai zaune. Dutsen wanke hannu, gansakuka kore shar, da bishiya guda da ta rufe bangon maƙwabta. Da na miƙe tsaye sai rabin kyawun ya ɓace, domin bakin rufin ya sauko ƙasa sosai. Wannan hikima ta burge ni matuƙa, kuma ina ganin ta fi duk wani marmara da fitilun zinare da muke cika otal da su.

Na leƙa haikalin Entsu-ji a arewacin birnin, inda aka daidaita shingen lambu ta yadda dutsen Hiei da ke can nesa ya zama kamar na cikin gida. Na cika littafina da zane a wurin.

Da asuba, bayan na idar da salla, na tarar da mai kula da lambun masaukin a tsugune yana tsince busassun ganye daga gansakuka da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Takardar ƙofofin ma sabunta ta ake yi lokaci-lokaci, haka saman tabarmin. Don haka a takardar da zan miƙa wa mai otal ɗin da nake tsarawa, na sa albashin mai lambu da na kafinta na dindindin a shafin farko, kafin kuɗin siminti.