Ranar da Autar Yaya ta rufe littafin zanenta

Talata. Da safe babu wani labari. Na kai kaya biyu, na dawo da ɗan ciwon kai wanda ya tafi da kansa.

Da yamma ne abin ya faru, kuma har yanzu da nake rubutun nan yana cin raina. Autar Yaya ta shigo da littafin zanenta ta zauna gefen keken ɗinkina kamar yadda ta saba. Kun san yarinyar nan, tun tana shekara huɗu ba ta ganin farar takarda ta ƙyale. Makon jiya, don in ƙara mata ƙaimi, na ce duk zanen da ta gama zan ba ta kyauta. Sau biyu na cika alkawari, fensir mai launi da ɗan ƙaramin littafi. Yau ta buɗe shafi, ta riƙe fensir, sai ta ɗago kai.

"Gwaggo, in na zana yau me za ki ba ni?"

"Yau babu komai, 'yata. Zana kawai, ina son in gani."

"To bari sai ranar da akwai."

Ta rufe littafin. Ko ɓata rai ba ta yi ba, ta tashi ta fita wasa abinta.

Jikina ya yi sanyi, domin na taɓa karanta irin wannan. A wani bincike da aka buga a 1973, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Mark Lepper, shi da abokan aikinsa biyu, sun gwada abin a kan yaran makarantar reno da suke son zane tun asali. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu aka ba su takardar ba tare da sun sa rai ba, wasu kuma ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye kayan zane a ajin, ba wanda ya ce musu uffan. Yaran da aka yi wa alkawari, lokacin da suka yi suna zane bai wuce kusan rabin na sauran ba. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa, sha'awarsu tana nan daram. Alkawarin ne ya mayar da wasa aiki, kuma shi na yi wa yarinyar nan da bakina, da kyakkyawar niyya.

Daga nan tunanin ya juyo kaina. Na fara ɗinki ne don ina son ganin yadda yadi shimfiɗaɗɗe yake zama riga. Nakan kai tsakar dare a kan keke ban san lokaci ya tafi ba. Yanzu kafin in ɗora almakashi sai na lissafa me zai fito, hoton kuma mutum nawa za su yaba a Instagram. Ba na raina sana'ar, da ita nake rufin asiri, ina kuma godiya. Amma shuɗin yadin nan da na saya don kaina ya fi wata biyar a ninke, kullum ina cewa sai na samu ƙarfin gwiwa. Ashe tambayar da yarinyar ta yi mini ita nake yi wa kaina kowace safiya, da wasu kalmomi.

Yaya ya kira da dare. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce yara ne, za ta manta. Allah ya sa.

Bayan na ajiye wayar na ɗauko shuɗin yadin. Ban ji wani ɗoki ba da na fara, sai da na zana wuya da alli na yanke hannu ɗaya sannan na ji hannuna ya saki. Ban ɗauki hoto ba.

Gobe zan ajiye farar takarda da fensir a gefen keke, inda take zama, ba zan ce mata komai ba.